Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ya ɗan'uwa mai karatu, bari in fara da tambaya. Waƙoƙin da ake ji a gidanka kowace rana, naku ne ko kuwa na aro? Da wani ya yi mini wannan tambaya kafin shekarar 2021, da dariya zan yi masa. Waƙa ai waƙa ce, muddin kunne ya ji. Amma wani abu ya faru a gidanmu a Talata Mafara wanda ya sāke mini tunani, labarinsa kuwa nake so in ba ka.

Akwatin Baba

Mahaifina magini ne. Sa'ad da aka soma aikin madatsar ruwa ta Bakolori a 1974, ya sami aiki wurin Italiyawan da suka karɓi kwangilar. A 1976 ya tara albashinsa na wata uku, ya shiga mota zuwa Gusau, ya komo da rakoda mai cin batir shida. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin. Ban manta da daren nan ba. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Baba ya danna maɓalli biyu tare, ya ce wa wani tsoho ya yi magana. Da aka mayar wa tsohon da muryarsa, sai ya tashi ya bar tabarmar, ya ce shi ba ya zama kusa da abin da yake satar murya.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, amma a wurinmu sabon abu ne a shekarun nan. Kafinsa sai garmaho da faifai, su kuwa sai a gidan mai hali, ga shi kuma ba ka iya ɗaukar murya da kanka. Kaset ne ya ba talaka iko ya kama waƙa ya ajiye ta a ɗakinsa.

Ƙasarmu kuwa ƙasar makaɗa ce. Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, a Maradun ya yi suna, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, shi ne ya yi ta yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa yana Sarkin Kudu, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ga Narambaɗa na Isa, ga Jankiɗi, ga Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe. Daga ƙasar Katsina kuma ga Shata. Dukansu Baba ya tara su. In wata ya ƙare, ran Talata yakan shiga kasuwa ya sayo kaset ɗaya. Waɗansu kuwa daga rediyo yake ɗauka, ya zauna kusa da rakoda yana jiran Rediyon Kaduna ko Rima Rediyo su sa wadda yake so, yana ɗaga mana hannu kada kowa ya yi tari. A bayan kowane kaset yakan rubuta sunan makaɗi, da wurin da ya samo, da shekara. Sa'an nan ya jera shi cikin wani akwatin ƙarfe shuɗi, irin na 'yan makarantar kwana. Dokarsa ɗaya ce, yaro ba ya taɓa akwatin.

Baba ya rasu a 2009. Da muka ƙirga, kaset 136 ya bari. A lokacin nan duniya ta riga ta juya wa kaset baya. Ƙanena da yake zaune a Bakura ya ɗauki rakodar, ya ce zai riƙa jin labarai da rediyon jikinta. Akwatin kuwa muka tura shi ƙarƙashin gadon Inna. Sau biyu na yi niyyar ba 'yan gwangwan shi, Inna ta hana.

Makaɗi cikin waya

A 2019 ɗana na fari ya gama karatu a Sakkwato ya komo gida da babbar waya. Shi ne ya nuna mini sabuwar hanyar jin waƙa. Ya ce, "Baba, yanzu ba a ajiye waƙa. Faɗi wadda kake so." Na ce Ɗanƙwairo. Kafin in rufe baki sai ga kotso yana tashi daga tafin hannunsa. Na ce Narambaɗa, sai ga shi. Har da waɗansu waƙoƙin da Baba ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Gaskiya na yi mamaki, na kuma yi murna.

Ga yadda abin yake, domin wanda bai sani ba. Waƙar ba ta cikin wayarka. Tana cikin manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa mai nisa. In ka danna, sai wayar ta riƙa jawo ta kaɗan kaɗan ta intanet, kana ji tana wucewa, kamar ruwan famfo a tafin hannu. Kai kuwa kana biyan kuɗin data, sa'an nan ko dai ka biya kamfanin kuɗin wata, ko ka haƙura da tallace-tallace. Akwai Boomplay wanda ya soma a Nijeriya a 2015. Akwai Spotify wanda aka buɗe a ƙasar Suwidin a 2008, ya iso Nijeriya a 2021. Akwai Audiomack, akwai YouTube inda aka fi samun tsofaffin makaɗanmu. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ko shekara goma ka yi kana biya, ba ka sayi waƙa ko ɗaya ba. Izinin saurare kaɗai ka saya, izini kuwa yana da ranar ƙarewa.

Idanun Inna sun riga sun yi rauni, ba ta fita. Sai ya zama kowace yamma bayan tuwo jikan nata yakan zauna bakin gadonta ya sa mata waƙa. Takan ce, "Maigida, kira mini makaɗin naka." Shi kuma ya ce, "Amarya, sai kin biya kuɗin goro." Haka suke wasansu na kaka da jika. Wani lokaci takan ce a sa mata kiɗan gayyarsu. Yaron ya nema ya nema, bai samu ba, ya sa mata wani kiɗan noma dabam. Ta saurara kaɗan, ta ce ba shi ba ne. Mu kuwa ba mu kula ba. Mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Ranar da waya ta yi shiru

Mutanen Zamfara ba za su manta da daminar 2021 ba. A watan Agusta 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka kwashe mutane. Ran 1 ga Satumba suka kwashe ɗalibai fiye da saba'in daga makarantar sakandare ta Ƙaya a ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe kasuwannin mako, har da tamu ta Talata wadda garin ya ci sunanta. Ran 3 ga Satumba kuma aka ba da umarni a kashe layukan waya a jihar duka, domin a datse hanyar da ɓarayin suke magana da masu kai musu labari. Da fari an ce mako biyu ne. Amma sai farkon Oktoba aka buɗe wa Gusau, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Ba na so mai karatu ya ɗauka rashin waƙa shi ne babbar wahalar kwanakin nan. Ko kusa. Mutane sun rasa 'yan'uwa, kasuwanci ya tsaya, mai son ya gaya wa ɗansa magana ɗaya sai ya shiga mota har Sakkwato. Amma a ƙaramin ɗakin Inna, rashin waƙar ya yi nauyi. Daren farko ta ce, "Maigida, mi ya hana makaɗin naka zuwa yau?" Ya ce, "Kaka, babu sabis." Ta ce, "To, a aika a kira shi mana." Muka yi dariya. Da aka yi mako guda, ba mai dariya kuma.

Yaron yana da waɗansu waƙoƙi na samari da ya sauke cikin wata manhaja da yake biya. Yana tsammani waɗannan kam nasa ne. Bayan wata ɗaya sai suka kulle. Ashe akwai sharaɗi cewa sai wayar ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana talatin, domin a tabbatar har yanzu kana biya. Waƙoƙin suna nan cikin wayarsa, sun cinye masa wuri, amma mabuɗin yana hannun wani.

A kwanakin nan kuwa mai shayin bakin titinmu bai fasa jin waƙa ba ko na yini ɗaya. Yana da 'yar rediyo mai cin memori, wadda ɗana yakan yi wa ba'a. Daga asuba har dare Shata yana tashi a teburinsa. Na tsaya ina kallonsa wata safiya, sai maganar mutanen dā ta faɗo mini, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na je wurin wani yaro mai shagon cajin waya, ya tura mini waƙoƙin Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru cikin memori. Inna ta ji daɗi kwana biyu. Amma a ƙarshen Satumba zazzaɓi ya kwantar da ita, ta daina cin abinci sosai. Wani dare ta kama hannuna ta ce, "Kiɗan gayyarmu nika so. Yana cikin akwatin ubanka. Ka san yana ciki." Ban iya ba ta amsa ba, gama na san shekara goma sha biyu ban ɗaga murfin akwatin ba.

Abin da na tarar

Da gari ya waye muka jawo akwatin. Warin rima ne ya fara tarye mu. Wata damina rufin ɗakin ya yi yoyo, mun gyara rufin, amma ba wanda ya tuna da abin da yake ƙarƙashin gado. Gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje. Gara ta shiga ta cinye takardun jerin ƙasa, rubutun Baba ya tafi tare da su. Waɗansu kaset ɗin zarensu ya yi fari da fumfuna, waɗansu ya manne ya zama kamar dunƙulen ƙaro. A jeri na biyu na ga guda biyu an ɗaure su da roba, an rubuta, "Gayya, garin su Inna, Yuli 1977, na ɗaya" da "na biyu."

Sauran aiki rakoda. Ba dama in buga wa ƙanena waya in tambaye shi ko tana nan. Hanya kuma ba lafiya. Matata ta ce in haƙura. Na kwana ina tunani, da safe na shiga motar farko zuwa Bakura. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma ba wanda ya yi magana a motar har muka isa. Na tarar da rakodar a kan bango, kaji suna kwana kusa da ita. Rediyon yana aiki, wajen kaset kuwa ko motsi.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tasha a Mafara, wanda aikin waya ya kusa kore shi daga sana'a. Da ya ga abin da na riƙo sai fuskarsa ta washe. Ya buɗe ta, ya nuna mini robar da take juya kaset, ta narke ta zama kamar kwalta. Ya tone tarin matattun rakodojinsa ya samo wata. Ya goge kan da yake karanta zare da auduga. Sa'an nan ya ɗauki kaset na ɗaya, ya kwance ƙusoshinsa, ya mai da zaren cikin wani gida mai kyau, ya sa biro yana juyawa a hankali har ƙarshe. Da ya zo kan na biyu, sai ya juya shi, ya ɗaga shi wajen haske, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, wannan ruwa ya riga mu."

Kiɗan gayya

Sai in gaya maka abin da yake cikin kaset ɗin nan. Inna a wani ƙauye aka haife ta a bakin gulbi, a ƙasar Maradun. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978 ruwa ya taru, ƙauyensu yana cikin waɗanda ruwan ya ci. Aka tashe su, aka ba su sabon mazauni, waɗansu kuma suka watse. Baba yana cikin masu ginin, ya san abin da yake zuwa. Saboda haka a daminar 1977, sa'ad da surukinsa ya kira gayya, ya ɗauki rakodarsa da batir sababbi ya tafi. Wannan ita ce gayya ta ƙarshe da aka yi a gonar kakana.

Da magariba muka shigar da rakodar ɗakin Inna. Na danna. Da fari sai shuuu, kamar ruwan sama a nesa. Sai muryar Baba, ƙarau, yana faɗin sunan garin da shekarar. Inna ta ɗaga kai daga matashi. Shekara goma sha biyu ba ta ji muryar nan ba. Sai gangar noma ta tashi, makaɗin ya shiga kiran manoma ɗaya ɗaya, kowa da kirarinsa, ana jin ihun samari da ƙarar garma. Can sai wata guɗa mai tsawo ta ratsa kiɗan. Inna ta ce, "Ni ce wagga." Ta yi dariya har tari ya kama ta.

Ta ce a tashe ta zaune. Duk wanda makaɗin ya kira, sai ta ɗaga hannu a tsai da kaset, ta gaya mana ko wane ne. Wannan ƙanen ubanta ne, gwanin kokawa. Wannan ya tafi Gusau bai komo ba. Wannan shi ne ya fara neman aurenta kafin Baba. Ɗana ya ɗauko littafi yana rubutawa. Kaset na minti sittin ya ɗauke mu har tsakar dare. Mutum talatin da ɗaya ta ambata. A daren nan ta sha kunu kofi guda, abin da ta yi kwana huɗu ba ta yi ba.

Makaɗin nan bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Sunansa bai wuce ƙauyuka uku ko huɗu ba. Ba wani kamfani a duniya da yake da muryarsa. In akwai wani wuri da ta saura ban da ɗakin nan, ni dai ban taɓa ji ba.

Da muka gama sai Inna ta ce, "Saura na biyu." A cikinsa ne Baba ya zauna da kakana bayan an tashi daga gona, tsohon ya ba da tarihin garin tun daga wanda ya fara saran dajin. Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ba ta sāke ta da maganar ba. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. Gara ba ta da laifi, ruwa ma ba shi da laifi. Ni ne na ce kome yana cikin waya. Cikin kaset 136, guda 41 ne suka lalace a hannuna.

Inna ta sami sauƙi ta tashi. Ta ƙara wata shida tana jin kiɗan gayyarsu duk ran da ta so. Ta rasu a bazarar 2022.

Ba mu kaɗai ba ne

Watakila wani zai ce, ai wannan matsalar Zamfara ce, a sauran wurare ba a kashe layi. Bayan an buɗe mana waya na yi ta tambaya da karatu, na ga ashe mai dogara ga kayan aro ko'ina yake a duniya yana kan siraɗi.

Wani lokaci hanyar ce take yankewa. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da suke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Nijeriya suka sha wahala kwanaki. Wani lokaci kuɗin ne yake tashi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Wani lokaci shagon ne yake rufewa. Kamfanin Microsoft ya rufe nasa wurin jin waƙa mai suna Groove a ƙarshen 2017, Google kuma ya rufe Play Music a 2020. Wani lokaci mai waƙa da mai shago ne suke saɓawa. A 2022 wani sanannen mawaƙi ɗan Kanada, Neil Young, ya janye waƙoƙinsa daga Spotify, sai 2024 ya mai da su. Masu ƙaunarsa suna biyan kuɗin wata, amma ba wanda ya shawarce su. Mafi ban tausayi kuwa shi ne na Myspace. A 2019 kamfanin ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun ɓace wajen sauya kwamfutoci. An kiyasta sun kai miliyan hamsin. Ƙananan mawaƙa da yawa ba su da wani kwafi a gida.

Tsofaffin makaɗanmu kuwa da ake samu a intanet, yawancinsu wani mai kishi ne ya ɗauko daga kaset ɗinsa ya ɗora. In ya rufe shafinsa, ko aka rufe masa, sun tafi ke nan. Ashe ma abin da ɗana yake jawowa daga iska, daga akwatin wani irin na Baba ya fito.

Kada a ce na ƙi zamani

Har yau ina jin waƙa ta intanet, ba kuwa zan daina ba. Ta nan na ji makaɗan Nijar da na Mali waɗanda ban taɓa sanin akwai su ba. Ta nan yaro mai murya a ƙauye yake iya kai waƙarsa Landan ba tare da ya roƙi kowa ba. Wannan alheri ne. Kasuwa tana da amfani, amma ba mai hankalin da zai rushe rumbunsa domin akwai hatsi a kasuwa. Mu da muka ga an rufe kasuwar Talata mun san haka.

Akwai kuma wata magana da ba zan ɓoye ba. Memorin da yaron nan ya cika mini, ko kwabo bai kai ga iyalin Ɗanƙwairo ba. Yawancin kaset ɗin da Baba ya saya a kasuwa ma kwafi ne, makaɗan ba su ci kome a ciki ba. Mallakar waƙa ba hujja ba ce ta cin gumin mai ita. In mawaƙin yana da rai, yana kuma sayar da aikinsa, ka saya daga hannunsa ko daga wanda ya wakilta, ko da ya fi tsada. Ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Abin da muke yi yanzu a gidanmu

Da aka sami zarafi, ni da ɗana muka juye kaset 95 da suka tsira zuwa kwamfuta. Ba wuya. Waya ɗaya ce ake haɗawa daga ramin abin kunne na rakoda zuwa kwamfuta, a sa kaset ya yi ta juyawa har ya ƙare. Haƙuri kaɗai ake bukata, gama kaset na minti casa'in sai ya ci minti casa'in. Mun yi wata huɗu muna yi da dare. Waƙar minti ɗaya takan ci wajen megabait ɗaya, saboda haka dukan abin da Baba ya yi shekara talatin yana tarawa ya shiga memori ɗaya mai gigabait 16, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, har da sauran wuri.

Ga shawarar da zan ba kowane gida.

Da fari, ku zauna ku zaɓi waƙoƙin da ba ku so ku rasa. Ba sai dubu ba. Hamsin ko ɗari sun isa. Ku mallake su ta hanyar da za su yi aiki ko babu sabis. Gwajin mai sauƙi ne. A cire layin waya, a ga ko za su tashi, a kuma gwada su a wata na'ura dabam.

Na biyu, kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Memori ma yana mutuwa, ba ya kuwa ba da sanarwa. Mu kwafi uku muke da su. Ɗaya a waya, ɗaya a memori cikin akwati, ɗaya kuma a gidan ƙanwata a Zariya, domin in wuta ko ruwa ko ɓarawo ya ci na gida, na can yana nan. Kowace shekara bayan girbi mukan fito da su mu saurara, in ɗaya ya soma ciwo mu sāke shi.

Na uku, ku rubuta. Wane ne ya yi waƙar, a ina, yaushe, su wa ake kira a ciki. Kaset ɗin da gara ta cinye takardunsu, waɗansu har yau ba mu san masu su ba. In akwai tsoho a gida, ku saurara tare da shi tun yana nan. Da mun ƙara wata bakwai, da sunayen nan talatin da ɗaya sun bi Inna.

Na huɗu, in kuna da tsofaffin kaset, kada ku zubar ko bayan kun juye su. Ku ɗauke su daga ƙasa, ku jera su a tsaye a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana, nesa kuma da lasifika, gama maganaɗisun da yake cikinta yana iya ɓata abin da aka ɗauka.

Na biyar, ku ɗauki naku. Wayar da take hannunku ta fi rakodar Baba kyau nesa ba kusa ba. Waƙar daka ta kakarku, da waƙar reno, da waƙoƙin bikin gidanku, ba kamfanin da zai zo ya ɗauka muku. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi babban aiki wajen tattara tarihin makaɗan Hausa da waƙoƙinsu, amma ba za su iya shiga kowane tsakar gida ba. Wannan aikin masu gidan ne.

Akwatin shuɗin nan an yi masa sabon gindi, yanzu yana kan kabad a ɗakina. Kaset na biyu ma yana ciki, ko da yake ba zai ƙara magana ba. Na bar shi domin in riƙa ganinsa. Na kuma sāke dokar Baba. A gidana yaro yana taɓa akwatin, sai dai ya wanke hannu tukuna. Jikata 'yar shekara shida ta riga ta san wurin da guɗar take, takan ce a mayar mata baya.

Kai fa, ɗan'uwa, me yake ƙarƙashin gado a gidanku? Kada ka jira sai an kashe layi. Jawo shi yau ka duba.